Ragon da Ba a Faɗi Dalilinsa Ba

Ɗantala ya dawo Bangi a shekarar 1941 da mata, da littafi mai baƙin bango, da addinin da ya samo wurin 'yan mishan a ƙasar Gobir. Shi da matarsa Cima kaɗai ne Kiristoci a garin, kuma ba abin da yake tsoro kamar a daina cin abincin gidansa. Wanda aka daina sa hannu a akushinsa, an gama da shi ke nan.

Da Kirsimati ta matso, ya sayi rago, ya gayyaci unguwa duka. Daga nan wayo ya motsa masa. Ya tura littafin ƙarƙashin rumbu, ya hana Cima waƙa, ya ce ba za a yi addu'a ba.

"To, bukin wa za mu yi, maigida?" in ji Cima. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Allah na ganin zucciya. Ke dai dahwa tuwo."

Ya kira maƙwabcinsa, Malam Isaka, ya yanka ragon don kowa ya iya ci. Tsohon ya yi bisimilla, ya yanka, yana goge wuƙa ya tambaya: "Suna na ko sadaka?"

"Hakanan dai, Malam."

Hakanan! A Bangi, inda mutum ke shekara bai ga kitse ba, wa ya taɓa kayar da rago hakanan? Kafin nama ya nuna, zance ya gama gari. Ba haihuwa, ba aure, ba salla, kuma uban Ɗantala azne ne, mai yi wa dutse yanka bayan girbi. Kowa ya ce yaro ya koma tsafin gidansu.

Da azahar mutane suka zo don kunya, suka zauna kan tabarmi, kowa ya naɗe hannu. Ƙamshi na dukan hanci, miyau na tsinkewa, amma wannan ya ce azumin nafila yake, wancan ya ce ciki ke murɗa masa. Ɗantala na zagayawa yana "Ku ci mana," gumi na keto masa.

Sai ga baffansa Maiguwa, tsohon da ke kula da dutsen, ya shigo da murna, ya rungume shi gaban jama'a.

"Ɗana, ka dawo gida! Amma ina kak kai jinin? Dutsi bai ga komi ba."

Ya zauna ya jawo cinya, shi kaɗai yana ci. Mutane suka fara laluben takalmansu.

Kunya ta rufe Ɗantala. Ya ɓoye Allahnsa don kada a guje shi, ga shi ana gudunsa, an kuma ba dutse ragonsa. Sai Cima ta tashi. Ta je rumbu ta zaro littafin, ta kaɗe shi, ta danƙa masa a hannu.

Ya miƙe ya fuskanci mutane.

"Jama'a, ku yi haƙuri, tsoro na ji. Yau mu ka tuna haihuwar Yesu Almasihu, shi munka yi ma wanga rago. Wanda za ya tahi, shi tahi."

Ya rufe ido, ya gode wa Allah don hatsin bana, don maƙwabta, don Ɗansa da ya aiko duniya. Da ya kai nan, mutum huɗu suka tashi suka fita. Maiguwa ya yi tsaki ya bi su, da cinyarsa a hannu.

Malam Isaka bai motsa ba. Ya jawo ƙwaryar ruwa ya wanke hannu.

"Annabi Isa na ashe, kab bar mu muna zargi tun da sahe? Amin ga rabin addu'akka da niy yarda da shi. Sauran mu yi gardama in mun ƙoshi. Turo akushin nan."