Dunduniyar Tela

Tun da muka bar Dogon Kiriya, Ɗantala mai atamfa bai bar kunnen kowa ya huta ba. Ni direba ne, dole in ji.

"Mi soji ka yi muna?" in ji shi. "Su ci, su yi ƙiba, mu biya. A saida bindigogin a gina rijiyoyi, ku gani in ƙasa ta mutu!"

Kusa da shi Ma'azu ne cikin tsohuwar riga. Duk mun san soja ne, ya zo duba tsohuwarsa, zai koma bakin aiki cikin kayan gida. Da gayya Ɗantala yake yi. Raina ya ɓaci, amma na mai da hankali ga tuƙina.

Muna gangarawa wani kwari da hantsi, sai ga babura uku sun gitta hanya, da mutane shida riƙe da bindigogi.

"Kowa shi hito, shi cire takalmi!"

Mun san abin da suke nema. Dunduniyar manomi duk faso ce, amma wanda ya shekara cikin takalmin soja tasa sumul take. Suka jera mu, kowa ya ɗaga ƙafa kamar jaki a kasuwa. Da babbansu ya iso kan Ma'azu, sai ya tsaya.

"Wagga ƙahwa ba ta san gona ba."

Na saci kallon Ɗantala. Kalma ɗaya daga bakin nan nasa ta isa a kashe mutum.

Sai kuwa ya ɓarke da faɗa. "Ina za ta san gona? Telana ne, raggon banza! Wuni shikai bisa keke cikin inuwa, ɗunkin Salla har yau bai ƙare ba. Ku tahi da shi in huta!" Ya zabga masa dundu.

Babban ya sa wa Ma'azu bakin bindiga a ƙirji. "Tela, yadi nawa ka isa a ɗunka mani riga?"

Ma'azu ya dube shi sama da ƙasa. "Biyar, in da wando."

Can mutumin ya yi tsaki, suka kwashe wayoyinmu, suka ce mu ɓace.

Na ja mota, ban tsaya ba sai Dogon Dutsi. A tasha Ɗantala ya riƙo rigar Ma'azu.

"Ɗan'uwa, ran Jumma'a ɗiyata Rumaisa'u za ta biyo hanyag ga da jaririnta. Don Allah, yaushe mutanenku ka zuwa kwarin can?"

Ma'azu ya kama hannunsa da hannu biyu, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Da wace bindiga, Alhaji? Ai ka gina rijiya da ita."

Wasa yake yi, amma Ɗantala bai yi dariya ba, bai kuma saki rigar ba.