Daɓen Ɗakin Nusaiba

Shekara huɗu Mahadi ya yi yana karatun kimiyyar ƙasa da muhalli a jami'a a Gusau, kuma har ya kai ajin ƙarshe mahaifinsa, Malam Jatau na Furfuri, bai gane abin da ake koya masa ba. In an tambaye shi a majalisa sai ya ce yaron ƙasa yake karantawa, ita dai wannan da muke takawa, wadda shi ya nome shekara arba'in ba tare da an ba shi takardar shaida ba.

Aikin kammala karatun Mahadi a kan dalma ne, gubar nan da ke fitowa tare da dutsen zinari in an niƙa shi. Malamarsa, Dakta Hafsatu, ta ce ya ɗebo ƙasa daga wuraren da ake niƙa dutse, ya kuma ɗebo ta wani wuri mai tsabta, inda ba a taɓa haƙa ba, don a gwada a ga bambanci. Leda goma sha uku ya cika ta wajen Magami, yana ɗiba yana waiwaye, don daji ba na kowa ba ne yanzu. Ta goma sha huɗu, mai tsabtar, bai sha wahalarta ba. Gida ya je, ya shiga ɗakin ƙanwarsa Nusaiba, wanda ya fi kowane ɗaki sabon daɓe, ya kankaro cokali uku daga bayan ƙofa.

Nusaiba ta dawo gida ne goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Mijinta Tukur mutumin Kucheri ne ta ƙasar Tsafe. 'Yan bindiga sun hana shi gonarsa, sai ya koma wankin zinari. Kafin ta haihu ya yi abin da surukin kirki yake yi, ya aiko da mota a-kori-kura cike da ƙasar da ake bari bayan an wanke zinari, mai laushi kamar gari, don a gyara mata ɗaki. Matan unguwa suka taru, suka kwaɓa, suka buga da madaɓi, suka yayyafa ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa mai sa daɓe tauri. Daɓen ya yi sheƙi har maƙwabta na shigowa kallo. Da aka yi arba'in Tukur ya ce ta zauna tukuna, hanya ba lafiya. Haka ta zauna har jaririyar, Maryam, ta kai wata goma, tana rarrafe a kan daɓen nan, tana tsotsar yatsu.

Sakamako ya fito. Leda ta goma sha huɗu ta fi duk sauran dalma, nesa ba kusa ba.

Dakta Hafsatu ta duba takardar ta saman tabarau, ta ce ya dai haɗa ledojin ne, ɗalibai sun saba. A sake. Mahadi ya yarda nan take, don kuskuren lamba ya fi sauƙin ɗauka a kan ɗaya bayanin. Na'urar gwajin guda ce, ɗalibai talatin ke layi, wuta kuma sai ta ga dama. Mako uku aka yi. A cikinsu bai je gida ba, bai kuma buga waya ya tambayi daga ina aka samo ƙasar daɓen ba, ko da yake tambayar na zuwa masa duk lokacin da ya zauna cin abinci. Gwaji na biyu ya fito daidai da na farko.

Ranar ya hau mashin zuwa Furfuri. Tun a ƙofar gida ya tambayi maƙwabta, suka faɗa masa inda ƙasar daɓen ta fito. Ya tarar da mahaifinsa a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi bayani a hankali: ƙasar da Tukur ya aiko garin dutsen zinari ce, gubar na cikinta, yaro mai rarrafe shi ya fi kwasa, sai an fasa daɓen an kwashe an binne nesa da rijiya. Malam Jatau ya ce ya san gubar dalma, ai ya ji a rediyo shekarun baya da ta kashe yara a Anka da Bukkuyum, amma can a tsakar gida suke niƙa dutse. Nan wa ya ga ana niƙa wani abu in ba dawa ba?

"Baba, niƙaƙƙen ne aka kawo mana har ɗaka."

"Surukina ya ɗauko ƙasa tun daga can, ya biya mota, don mutuncin ɗiyata," in ji Malam Jatau. "In fasa in zubar, gari duk na kallo. In ya zo in ce mishi mi? Guba ka kawo muna?"

Ya ce a bari a yi girbi, sai ya sa a shafe da siminti, babu wanda zai ji kunya.

Mahadi ya shiga cikin gida. Mahaifiyarsu, Inna Saude, tana tankaɗe, Nusaiba na gefe tana tsinke zogale, yarinyar na kwance a tabarma, ba ta wasa. Ya tambaya ko tana lafiya kwanakin nan. Inna ta ce haƙori ne, kowane yaro yakan yi amai ya ƙi nono in haƙori zai fito, shi kansa Mahadi ya fi haka lalacewa, ga shi yau yana koya musu zaman ɗaka.

Ya juya ga ƙanwarsa. "Nusaiba, ke ke kwana da ita. Mi kika gani?"

Ta sunkuyar da kai. "Ka tambayi Inna, Yaya."

Ta gani kuwa. Wata guda ke nan tana gani. Yarinyar da ta fara kama gado tana miƙewa ta daina. Idanunta kan juye sama su tsaya, hannunta na dama kan yi karkarwa. Amma 'yar fari ce. Mace ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban iyayenta, ba ta nuna ta damu da shi. Wadda ta yi haka, a ce ba ta da kunya, a yi ta ba da labarinta a gidan suna. Nusaiba an yi mata tarbiyya mai kyau, kowa ya shaida. Tun ranar suna kalmar Maryam ba ta fito daga bakinta ba, sai "ita" ko "yarinyar nan".

Mahadi ma ya san wannan kunyar, a cikinta ya tashi. Da ya ja ta bayan rumbu su biyu, da ta faɗa masa. Bai yi tunanin haka ba. Ya roƙi a shimfiɗa tabarma a ɗakin, a riƙa wanke wa yarinyar hannu, aka ce to. Ya koma Gusau, don saura kwana biyar ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, jijjiga ta kama Maryam. Aka kawo ta asibiti a Gusau, aka ɗebi jini, aka faɗa wa Mahadi yawan dalmar da ke jininta, lambar da ya riga ya san ma'anarta. Washegari ya sa riga mai kyau ya je ya kare aikin. Malamai sun yaba ƙwarai, musamman leda ta goma sha huɗu. Ɗaya daga cikinsu ya ce abin sha'awa ne, ya kamata a buga shi a mujalla.

Kwana goma sha tara suka yi a asibiti. Yarinyar ta rayu. Likita ya ce sauran, ji da magana da tafiya, sai a jira a gani, kuma ya faɗa ne yana kallon takarda.

Ranar da suka dawo Furfuri, Nusaiba ba ta zauna ba. Ta miƙa wa Inna yarinyar, ta wuce zaure inda mahaifinta yake tare da baƙi masu yi masa barka, ta ɗauki diga daga jikin bango ba tare da ta durƙusa ba. Suna ji ta shiga ɗakinta ta fara sara. Daɓen ya yi tauri, matan unguwa sun iya aikinsu. Malam Jatau ya ci gaba da amsa barkar baƙinsa. Mahadi ya ɗebo ruwa yana yayyafawa don kada ƙura ta tashi, abin da karatun shekara huɗu ya amfane shi da shi ke nan a ranar.

Da la'asar ta fito, tafin hannunta ya ɗuri ruwa ya fashe. Ta wanke hannu har sau uku kamar yadda Mahadi ya nuna mata. Yarinyar na zaune a cinyar Inna, ta ba Nusaiba baya, tana kallon bango. Nusaiba ta tsaya a tsakar gida, a gaban uwarta da ubanta da matan maƙwabta.

"Maryam," ta ce.

Ta ƙara ɗaga murya ta sake faɗa. Kajin da ke gindin turmi suka watse. Yarinyar ba ta juyo ba.