Yaji a Gasarar Maman Nelson

Shekari ya gaji injin markaɗen nan ne daga mahaifinsa, haɗe da rumfar kwanon da ke bakin layin da ya gangara Bayan Dutse, a Narayi. Ba wani babban abu ba ne. Inji ɗaya, durom biyu na ruwa, benci, sai tsohuwar muciyar da ake tura kaya da ita. Amma da shi tsohon ya riƙe gida har Ubangiji ya kira shi, da shi kuma Shekari ke ci, yana ɗan tallafa wa ƙanwarsa Edith mai karatun aikin jinya.

Aikin yana da tsarinsa, kuma babu macen layin da ba ta san shi ba. Da sassafe fararen kaya ake fara yi, masara ko geron da aka jiƙa don gasarar koko, da waken suya na masu awara. Sai waken ƙosai ya biyo baya. Sai rana ta ɗaga ake shiga jajayen kaya, su tumatir da tattasai da attaruhu. In farin kaya ya zo a makare bayan ja ya riga ya shiga, to dole a kashe inji, a kwance bakinsa, a ciro farantan ƙarfen nan biyu masu niƙa, a goge su da soso, a mayar. Zuba ruwa kaɗai ba ya fitar da yaji, a tsagin farantan yake maƙalewa. Don matan sun yarda ana yin hakan ne suke dire bokitansu su wuce harkokinsu, wata kasuwa, wata ofis, ba mai tsayawa gadi.

Lokacin Kirsimeti ne Shekari ya sayi wata waya, babba, mai faɗin fuska. Abokinsa Tony, mai rumfar cajin waya a tsallaken layi, shi ya saita masa komai. Da farko sai an tashi aiki yake dubawa. A hankali ya kafa wani ɗan katako a jikin rumfa daidai saman inji, ya riƙa jingina ta a kai, ya toshe kunnuwa da abin sauraro saboda ƙarar inji. Hannu na tura kaya, ido na kan ƙwallo da masu barkwanci. Shi a ganinsa hannunsa ya riga ya haddace aikin, ba ya bukatar ido.

Ran wata Laraba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, Maman Nelson ta zo da bokitin jiƙaƙƙiyar masara. Dattijuwa ce, tana cikin shugabannin Zumuntar Mata a cocinsu, tun zamanin mahaifinsa take kawo markaɗe nan. Mijinta, Baba Nicholas, tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, bai daɗe da fitowa daga asibiti ba saboda gyambon ciki. Likita ya hana shi yaji da maiƙo, kuma a kwanakin nan koko kaɗai ke zama a cikinsa. Ta makara ne don ta raka shi wajen allura. Ta yi wa Shekari bayanin duk wannan, ta ce na Baba ne, ya wanke injin da kyau. Shi kuwa bakinta kawai ya ga yana motsi. Ya gyaɗa kai, ya ce to Mama, idonsa ya koma inda yake.

Attaruhun wata mai abincin sayarwa ya gama yi a lokacin. Ya kamfaci ruwa kofi biyu ya watsa a inji, ya ga ruwan ya fito fari-fari, ya juye masarar.

Da yamma ta dawo ɗauke da bokitin. Wajen tacewa ne ta ji hannuwanta suna raɗaɗi, shi ya sa Allah ya taimaka ba ta kai ga dama wa tsohon ba. Ta dire bokitin gaban Shekari, ta jira har ya cire abin kunnensa, sannan ta ce ya ɗanɗana. Ya lakata ya kai baki. Yajin ya kama masa harshe nan take.

"Kwana uku na yi ina jiƙa masarar nan," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Yau me zan ba shi, Shekari?"

Ta dubi katakon da wayar ke kai, inda wani mutum ke ta rawa ba sauti, ta juya ta tafi, ta bar masa bokitin.

Ba wadda ta zo ta yi masa faɗa. Da ma faɗan aka yi, da ya fi masa sauƙi. Fararen bokitan ne kawai suka fara ɓacewa. Da safe zai buɗe rumfa ya ga guda biyu inda da sukan kai goma. Masu awara suka koma wani inji can kusa da kasuwa, duk da nisansa. Sukan wuce ta gabansa da kaya a ka, su amsa gaisuwarsa lafiya lau, su ci gaba da tafiya. Shekari ya gane cewa in Maman Nelson ba ta dawo ba, sauran ma ba za su dawo ba, rumfar mahaifinsa kuma a hannunsa za ta mutu.

Ya yi ƙoƙarin gyarawa da kansa. Ya cire katakon ya jefar, ya sa wayar a aljihu. Ba a yi minti goma ba ya tsinci kansa da ita a hannu, bai ma san lokacin da ya ciro ta ba. Washegari ya bar ta a ɗaki. Kafin rana ta take ya rufe rumfa ya koma, wai don ya duba ko wani ya neme shi, bai fito ba sai bayan awa guda. A hanyar dawowa ne ya yarda a ransa cewa wannan abu ya fi ƙarfinsa, muddin yana inda hannunsa zai kai.

Ran Lahadi bayan sujada Edith ta biyo ta gidan. Suna cin shinkafa take ba shi labarin makaranta, har ta kai kan wahalar da take sha, wai duk darasi yanzu ta waya malamai ke turawa, ita kuwa sai ta jira ƙawarta ta gama sannan ta ara ta kwafa. Tata wayar ƙarama ce mai madannai, an ɗaure bayanta da roba. Shekari ya daɗe yana kallon wayar nan a kan tebur. Sai ya nemi allura, ya ciro layinsa daga babbar, ya tura mata ita gabanta.

Edith ta ɗauka wasa ne. Da ta ga yana kwance robar tata yana sa layinsa, sai ta ajiye cokali.

"Yaya, lafiya kuwa? Ko ka yi mafarki ne?"

"Ke dai ki tafi da ita yau. In na kira ki gobe na ce ki dawo da ita, kada ki kula ni."

Ai kuwa ya kira. Ba goben ba ma, jibin, ya ce akwai wasu lambobi da yake so ya duba. Edith ta ce ya faɗi sunayen za ta karanto masa. Sai su biyun suka yi dariya.

Tony ne ya fi kowa jin daɗin abin. Da ya ga ƙaramar wayar sai ya riƙe ciki, ya ce yanzu saura Shekari ya sayi rediyo mai batir da sandar dogarawa, ya shiga layin 'yan fansho. Kullum in zai wuce sai ya leƙo ya ce, "Baba tsoho, an tashi lafiya? In kawo maka cajin wata guda?" Shekari murmushi kawai yake yi.

Makon farko ya yi masa tsawo. Hannu ya kai aljihu, ya ciro, ba abin gani sai agogo. Ga rumfa ba mutane. Don rashin abin yi ya fara sauraron injin, sai ya ji wani kuka-kuka da bai san da shi ba. Ashe bel ɗin da ke juya injin ne ya saki. Ya ɗaure. Ya murza gasarar wata mata tsakanin yatsunsa, ya ji ta da tsaki-tsaki, ashe farantan sun daɗe da dakushewa. Wato watanni ke nan yana ba mutane markaɗe mara laushi, suna haƙuri da shi saboda mahaifinsa. Wannan ya fi yajin ma ba shi kunya. Ya kwance su ya hau keke ya kai Kakuri aka wasa.

Daga nan ya sayi masara mai kyau, ya jiƙa da kansa, yana canja ruwa kowace safiya. Rana ta uku ita ya fara markaɗawa kafin komai ya taɓa injin. Ya juye a bokitin Maman Nelson da ta bari, ya rufe, ya ɗauka zuwa gidanta.

Ya same ta tana shanya, Baba Nicholas na zaune a kujera a inuwar mangwaro, ya rame sosai. Shekari ya durƙusa ya gaishe su, ya ce ya zo neman gafara ne, laifinsa ne, ba shi da abin kare kai. Maman Nelson ta buɗe bokitin ta lakata, ta daɗe da shi a baki. Sai ta shiga da bokitin ciki. Tsohon ne ya sa shi ya tashi ya zauna, ya riƙa tambayarsa labarin injin, ko har yanzu wanda mahaifinsa ya saya ne. Baba Nicholas ya ce ranar nan ruwan shayi kawai ya sha ya kwanta, amma ga shi bai mutu ba, don haka a bar maganar. Da Shekari zai tafi, Maman Nelson ta leƙo ta ce ya gaida Edith. Iyakarta ke nan. Shekari ya dawo bai san matsayinsa ba.

Sai ranar Asabar ta sama, wajen sha biyu, lokacin da ja ya kankama. Mata huɗu na tsaye da kayan miya, kowa na sauri, ga rana. Ya ɗaga kai ya ga Maman Nelson da bokitin masara. Ta ajiye, amma ba ta tafi ba, ta nemi gefen benci ta zauna.

Shekari ya kashe inji ya ɗauko sifana. Mai abincin sayarwar nan ta ce ita fa tukunyarta na kan wuta, ya gama da su tukuna mana. Ya ba ta haƙuri, ya ce koko ne na mara lafiya, in ya daɗe a rana zai yi tsami. Ta ɗauki bokitinta ta ce to ita ta tafi kasuwa, ba nan kaɗai ke da inji ba. A 'yan kwanakin nan kuwa ita ce babbar mai kawo masa aiki. Duk da haka ya ci gaba da kwance ƙusoshin. Ya ciro farantan da zafinsu, ya goge kowane tsagi da soso, ya ɗauraye sau uku, ya sa harshe a jikin ƙarfen ya ji.

"Maman Favour, dawo ki zauna," in ji dattijuwar daga benci. "Minti nawa ne? Yaron nan aikinsa yake yi."

Matar ta tsaya, ta yi ɗan gunaguni, ta dawo ta dire bokitin.

Gasara ta fito fara sol, da laushi. Maman Nelson ta murza, ta ɗanɗana, ta rufe. Tana ɗaura ɗankwali ta ce ranar Alhamis Zumuntar Mata na da baƙi daga Barnawa, akwai geron kunu bokiti biyar, ya buɗe da wuri. Ta faɗe shi ne yadda duk matan wurin za su ji.

Bayan ya sallami kowa, Shekari ya wanke hannu ya zauna a benci. Bai tabbatar ko da gangan ta makara ba, bai kuma damu ya sani ba. Ya sunkuyar da kai ya yi wa Allah godiya a taƙaice, sannan ya kira Edith. Ta ɗauka tana cewa in dai wayar ce, ta riga ta cika ta da hotunan ƙashi da jijiya, ba za ta yi masa amfani ba.

"Riƙe abinki," ya ce. "Na kira ne in ce na gode da kika hana ni."

Ta tambaye shi me ya faru. Ya ce labarin da tsawo, sai ta zo, yanzu zai je neman fetur kafin Alhamis.