Mutumin da Ya Fito Daga Ramin Kuza

Keke napep ya faɗa wani rami a hanyar fita daga Anguwan Rogo, Ummusalma ta damƙi ƙarfe, amma ba ta fasa tambayarta ba. Ƙungiyar masu kallon fim ta jami'a ce ta turo ta ɗauko Malam Uzairu, daraktan da za a nuna fim ɗinsa a harabar jami'ar da ke Naraguta da la'asar.

"Malam, a fim ɗinka, mutumin nan da ya fito daga ramin kuza sharkaf, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba a ƙara ganinsa ba. Wane ne?"

Ya waiwayo daga gefen direba. "Au, wannan? Kawun jarumar fim ɗin ne. Santsi ya kwashe shi ya faɗa ruwa."

"Kawu?"

"A kashi na huɗu za a bayyana shi. Asali ba fim ba ne, 'yata. Shiri mai dogon zango ne. Muka yi kashin gwaji muka kai gidan talabijin, oga ya ce ba ya so. Na rasa yadda zan yi, sai na liƙa masa mafarki a ƙarshe na ce fim ne."

Ummusalma ta sunkuyar da kai. Wata da watanni tana cika wa mutane kunne cewa mutumin nan fatalwar leburorin da kuza ta cinye ce, ta dawo tana neman ƙofar da za a buɗe mata. Kakanta ya haƙi kuza, shi ya sa duk kallon da ta yi sai ta yi hawaye. Har gaba ta yi da Chibueze, ɗan ajinsu, don ya ce fim ɗin kawai ba a gama shi ba ne. Ashe kawu ta yi ta yi wa kuka! Kunya ta rufe ta.

"Ke wa kika ɗauka?" in ji Malam Uzairu.

Ta faɗa masa a ciki-ciki, idonta a kan takalmanta. Ya gyaɗa kai, ya mai da idonsa kan hanya har suka isa.

Da aka gama kallo aka kunna fitila, hannun Chibueze ne ya fara tashi. Ummusalma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Oga, don Allah gaya mana gaskiya. Mutumin ruwa ɗin nan, akwai ma'ana ko mantawa aka yi da shi?"

Malam Uzairu ya dubi ɗakin, cike da ɗalibai da malamai, irin taron da fim ɗinsa bai taɓa gani ba. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Fatalwa ce," ya ce. "Ta leburorin da kuza ta cinye."

Tafi ya ɓarke. Wasu suka juyo suna yi wa Ummusalma jinjina. Ta nemi idon Malam Uzairu, shi kuwa ya duƙufa yana gyara wayar lasifika da ba abin da ya same ta.

Chibueze ya tsallako kujeru ya zo gabanta. "Yi haƙuri, ke ce da gaskiya. Ni ne ban iya kallon fim ba."

Ta yi kamar ta faɗa masa gaskiya, ta fasa. Can ta ce, "Ba komai."