Takirkir Hagu Yake Juyawa

Babu kalmar da ta shigo Dakoro ba tare da Mushe Zakiru ya san ƙofar da ta biyo ba. Ya karanta harsuna a jami'ar Yamai, ya dawo yana koyarwa ana ce masa Mushe, wato malam da Faransanci, kuma tun lokacin mutanen gari suke magana a hankali in yana kusa.

Bana kalmar takirkir ce ta faɗa hannunsa. Haka ake kiran mai rawar nan da ke juyawa kan ƙafa ɗaya har rigarsa ta buɗe kamar laima. Takirkir ɗaya ya rage a garin, Mainassara, kuma shi komiti ya zaɓa ya tafi gasar al'adu a Maraɗi. Tun yana saurayi yake jiran tafiyar. Yanzu ga furfura, gwiwa ma ta fara ƙorafi.

A taron komiti Mushe ya bayyana cewa kalmar Buzanci ce, daga wajen Tagris, ma'anarta mai juyawa hagu.

"Kai ina kake juyawa?" ya tambayi Mainassara.

"Dama, Mushe. Babana ma dama."

"To, kun daɗe kuna kuskure."

Bubakar dillalin shanu ya ce sam, Fulatanci ne, ƙarar maburgi ce cikin ƙwaryar nono. Aka tambaye shi wane gefe maburgi ke juyawa, ya yi tunani ya ce duka biyu. Hajiya Suwaiba ta ce sunan wani mutum ne a Sabon Maci, kuma shi ba rawa yake ba, jiri ke damunsa. Alhusaini, wanda aka haifa a Tagris ɗin, ya ce shi a bakin Hausawa kaɗai ya taɓa jin ta.

"Madalla," in ji Mushe. "Tsufan kalma ke nan, har masu ita sun mance ta."

Ba wanda ya gane, don haka aka yi ƙuri'a. Hagu ta ci, saboda alƙalan Maraɗi masu ilimi ne, kada a je a ji kunya.

Mainassara ya ɗaga hannu. "Ni dai tambaya gare ni. Wa za shi gaya ma ƙafata?"

Aka yi dariya, aka tashi.

Ranar gwaji rabin gari ya taru. Makaɗi ya saki kiɗa, Mainassara ya ɗauki hagu. Da farko rigar ta fara buɗewa, Mushe ya gyaɗa kai. Sai kiɗan ya kai inda jiki ya saba karyawa dama. Kafaɗa ta tafi can, ƙafa ta tsaya nan, aka ji ƙas.

Ana ɗauke shi, Mushe ya tsaya riƙe da haɓa. Wani sabon tunani ya zo masa: wataƙila hagun mai kallo ake nufi, ba na mai rawa ba.

"Wato dama ke nan?" in ji Hajiya.

"Ya danganta da inda kika tsaya, Hajiya."

Komiti ya sa ranar wani taro.

Da motar ƴan gasa ta tashi, Mainassara yana zaune a zauren maɗori, ƙafa ɗaure da karare. Ya ji ƙararta har ta ɓace ta hanyar Maraɗi. Ya ninke rigar, ya tura ta ƙarƙashin gwiwa, don maɗori ya ce a riƙa ɗaga ƙafar.