Ranar da Kabo Ya Yi Gardama da Ɗan Farinsa

Shekara ashirin da huɗu Malam Kabo bai taɓa kiran sunan Zakari ba. Ɗan fari ne, kuma Kabo mutumin dā ne, irin waɗanda kunya ta kama su tun suna samari ta ƙi saki. In yana son yaron ya kai jaki gona, sai ya ce wa matarsa Inde, "A ce wa wancan ya kai jaki," ko da wancan ɗin na tsaye a gabansa. Zakari kuma ya iya nasa: ya durƙusa, ya gaida, ya kalli ƙasa, ya tashi. Kowa a Madarunfa na yabon tarbiyyar yaron.

To, tarbiyyar nan ce ta kayar da shi a Yamai.

Zakari ya samu bak ɗinsa, takardar gama sakandare, a Maraɗi, ya tafi neman shiga wata makarantar koyon kasuwanci. Jarrabawar rubutu ya cinye ta. Amma akwai ta biyu: a zaunar da ɗalibai shida a tebur guda, a jefa musu magana, su yi ta gardama minti ashirin, malamai na gefe suna rubuta wanda ya iya kafa hujja. Yaran Yamai suka yi ta warce magana daga bakin juna. Zakari yana zaune yana jira kowa ya gama, kamar yadda aka koya masa. Ina! Ɗan Yamai na gama magana? Lokaci ya cika bai ce uffan ba. Haka ya yi bara, haka ya yi bara waccan. Bana kuwa, 1996, ita ce ta ƙarshe, don shekarunsa sun kai iyakar da makarantar ke karɓa.

Mushe Hamisu, tsohon malaminsa na lakwal, wato makarantar boko, shi ya zo har zaure ya gaya wa Kabo gaskiya.

"Malam, yaron nan Faransanci na cikinsa fal. Baki ne ba ya buɗewa. Zan tara mutane mu riƙa gwaji da Hausa, ya saba katse mutum. Amma duk waɗanda na kawo, sai ya bari sun gama sannan ya gyara musu zance a hankali. Wanda yake jin nauyi nake so."

Kabo ya gane inda aka dosa. Ya ce, "Haba Mushe. Ni da wancan?"

"Kai ɗin fa."

Kabo ya shiga murza carbi. Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, ko Inde, shi ne yana marmarin yaron nan. Wallahi yana marmarinsa, ga su kuwa gida ɗaya. Sau nawa yana dawowa daga gona ya jiyo Zakari yana ba uwarsa labari suna dariya, ya tsaya bayan danga yana saurare, da ya yi gyaran murya ya shiga sai tsit. Ya san tarin yaron, ya san takunsa, amma bai san yadda muryarsa take ba in da shi ake magana.

Ya ce, "To, don karatu ne."

Ranar Laraba da hantsi aka zauna ƙarƙashin iccen bedi a filin lakwal. Ga Garba mai shago, ga Sani mai sayar da kifin tabki, ga Kabo ya sha babbar riga kamar za shi ɗaurin aure, ga Zakari a ƙarshen benci. Mushe Hamisu ya cire agogonsa ya ajiye, ya ce maganar yau ita ce: wa ke riƙe da kasuwar ƙasar nan, manyan 'yan kasuwa ko masu ƙananan sana'a?

Garba ya ɗauka, Sani ya karɓe, suka yi ta yi har da buga cinya. Zakari kuwa ido na ƙasa. Minti goma suka wuce, sha biyu suka wuce. Kabo yana ta kallon agogon nan. Ya ga yaron na motsa leɓe, ya ɗago, ya hango rigar ubansa, ya sake sunkuyawa.

Sai Kabo ya gyara zama ya shiga zabga abin da shi kansa bai yarda da shi ba.

"Ni dai a ganina alhazan Maraɗi su ne kasuwa. Sauran duk 'yan rakiya ne. Ballantana mata. Mace ta soya ƙuli, ta tatsi ɗan mai a kwalba, a ce wai kasuwanci? Wasan yara ne wanga. Abin da za ta sayi kwalli ne, ba ya gina komi, ba ya..."

"A'a, Baba."

Garba ya saki baki.

"A'a, Baba, dakata. Ba haka ba ne."

Zakari ya ɗago, idonsa cikin idon ubansa. Ya ce Inna ta san wace gyaɗa ke ba da mai tun daga ƙamshinta. Ta san ranar da za ta saya a kasuwar Gabi da ranar da za ta bari. Ya ce shekarar da gero bai yi ba, kuɗin man Inna aka ci a gidan nan har damina ta zagayo, kuma Baba ya sani. Ya ce littattafansa na sakandare daga kaskonta suka fito. Alhaji na cika mota ne da abin da mata ɗari irin Inna suka tatsa. Su ajiye muciya mako guda a ga abin da zai ɗora. Sani ya so ya sa baki, Zakari ya ɗaga hannu ya ce, "Bari in ƙarasa, Kawu," ya kuwa ƙarasa.

Mushe Hamisu ya ce, "Malam, amsarka?"

Amsar me? Kabo bai riƙe ko rabin hujjojin ba. Muryar yake saurare. Ashe in yaron ya ɗau zafi yana ɗan in'ina kamar mahaifin Kabo, Allah ya jiƙansa. Ashe haka idonsa yake. Ya so ya sake faɗin wata ƙaryar don a ƙara masa minti biyar, amma Mushe ya riga ya ɗauki agogonsa.

Zakari ya zamo daga benci ya durƙusa. "Baba, a gafarce ni."

Kabo ya kalli Mushe ya ce, "A ce masa ba komi."

Asabar yaron ya hau mota zuwa Yamai. Bayan mako uku Mushe Hamisu ya shigo unguwa a kan mobilet, ɗan babur ɗinsa, yana ta danna oda: Zakari ya ci, an ɗauke shi, ba ma zai dawo ba sai babban hutu. Inde ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gida. Kabo ya yi hamdala, ya yi ta amsa barka, farin cikinsa kuma na gaske ne.

Da mutane suka ragu, ya raka Mushe har bakin hanya. Ya tsaya yana gyara hula, yana kame-kame.

"Mushe, in ya zo hutu, irin zaman nan da muka yi, za a sake?"

Mushe Hamisu ya yi dariya yana taka mobilet ɗinsa. "A sake a yi mi, Malam? Ai ya ci. Ba ya bukata kuma."

Kabo ya ce, "Haka ne. Ba ya bukata."