Ruwan Farko da Sabulun Farfesa

Dakta, mai binciken ruwa a jami'a, ta ƙare rani tana kallon sama kamar manomiya, alhali ko tukunyar fure ba ta da ita. Ruwan farko take jira. Shi ke wanke takin zamani daga gonakin bayan gari da duk ƙazantar da tituna suka tara, ya zuba a babbar kwata, kwata ta miƙa wa tafkin da gari ke sha. A aikinta wanda ya rasa ruwan farko ya rasa shekara, kuma wannan ce shekarar ƙarshe da masu ba da tallafi suka yarje mata.

A gida Uwar Kwata ake ce mata. Surukarta ce ta raɗa sunan. "Ɗana ya auro mai digirin digirgir," takan gaya wa baƙi, "amma in ta dawo daga aiki sai mun buɗe tagogi."

Kwalaben ɗibar ruwa kuwa, Dakta ta fi lallaɓa su a kan 'ya'yanta. Ta jiƙa su a asid, ta ɗauraye da tataccen ruwa, ta jera a kan tebur, ta manna takarda: KADA A TAƁA. Sabulu haramun ne a kansu, domin fosfet, sinadarin takin da take nema a ruwan kwata, shi ne kuma ke cikin garin sabulu. Sai dai kwalbar da ta sha asid ba ta ƙyalli.

Farfesa, shugaban sashe, rabonsa da gwaji tun gashinsa na baƙi. Da ya ji masu tallafi na tafe, ya zagaya ɗakin gwaji ranar da Dakta take bakin kwata. Ya ga kwalabe dishi-dishi, ransa ya ɓaci. Ya kira masu shara, ya tsaya a kansu da kansa har kowace kwalba ta ɗauki ido. Da aka gama ya sa aka mayar da takardar inda take, domin shi mutum ne mai girmama doka.

Washegari da la'asar hadari ya haɗu, wuta ta ɗauke. Dakta ta lalubi kwalaben cikin duhun ɗaki, ta cusa a akwatin ƙanƙara, ta yi kwata a guje. Ta tsaya cikin ruwa har gwiwa tana ɗiba, leda da ɓawon lemo na wuce ta, tana murmushi kamar amarya.

Sakamako ya fito, fosfet ya haura duk abin da aka taɓa gani. Farfesa ya fara kiran aikin "bincikenmu". Ita kuwa ta auna kwalbar shaida, wadda tataccen ruwa kawai ta zuba a ciki. Nan ma fosfet maƙil. Ta ɗauki wata da ba a yi amfani da ita ba, ta kai hanci. Ƙamshin sabulu.

Ta sami Farfesa a ofis yana gwada taye.

"Ranka ya daɗe, wa ya wanke kwalabena?"

"Ba sai kin gode ba, 'yata."

"Da sabulu aka wanke su. Sakamakon ya lalace."

"Wato tafkin tsaf yake?"

"Ban sani ba. Sabulu na auna."

"Amma kin yarda akwai taki a ruwan?"

"Ina kyautata zato."

"To ga zato, ga lambobi sun goyi bayansa. Me kuma kike nema?" Ya gyara taye. "Mu a zamaninmu lamba in ta zo da kyau ba a tambayarta daga ina take."

Mijinta ya ba ta shawara irin ta masoyi: ta yi shiru. "Ƙaryar da ta yi daidai da gaskiya ai rabin ƙarya ce," in ji shi, bakinsa cike da abinci. Ta kalle shi har ya tuna yana da aiki a waje.

Ranar taro masu tallafi suka zauna a gaba, wakilin hukumar ruwa a gefe yana latsa waya. Farfesa ya yi dogon jawabi kan sadaukarwar sashensa, sannan ya miƙa wa Dakta makirufo. Ta dubi jadawalin da ke allo, mai tashi sama kamar hasumiya, mafi kyawun abin da ta taɓa zanawa. Ta ce lambobin ba na kwata ba ne, na sabulu ne, kuma ba ta da sakamako sai baɗi.

Wakilin hukumar ruwa ya ajiye waya, ya fara rubutu. Shugabar masu tallafi ta miƙe, ta ce irin wannan gaskiya ta yi ƙaranci a duniya. Aka tafa wa Dakta sosai. Cikin mako aka rufe tallafin.

Farfesa ya kafa kwamitin gano yadda sabulu ya shiga ɗakin gwaji, ya karɓi shugabancinsa cikin tawali'u.

Da damina ta yi nisa, tafkin ya yi kore shar, kifaye suka fara juya ciki sama. Mutane suka yi ƙorafi. Hukumar ruwa ta fitar da sanarwa a rediyo cewa kowa ya kwantar da hankalinsa: ƙwararriyar da ta fi kowa sanin ruwan nan ta faɗa da bakinta, a gaban shaidu, cewa babu hujjar gurɓata. Dakta ta ji sanarwar a kicin, tana tafasa ruwan shan 'ya'yanta.